Ranar Da Na Ceci Maigida Daga Jan Ɗigo

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da yake wanda ya fi kowa iya ba da labarin yana ƙarƙashin ƙasa yanzu, Allah ya jiƙansa. In na tuna sai in yi dariya, in kuma share hawaye da bakin zane.

Maigidana magini ne. Ya daɗe a zaune ba aiki kafin a ɗauke shi gwaji a wani babban gini a unguwar Agbalépédo. Ran nan na taso daga Zongo da tuwo da miyar ayoyo na kai masa.

Ina shiga ginin na ga wani abu mai ƙafa uku a tsakar ɗaki, kansa yana juyawa, jan haske yana zagaya bango. Ashe na'ura ce mai nuna wa magina layi, don kada wani gefen daɓe ya fi wani tudu. (Wa ya gaya mini? Ni a garinmu wutar da ke yawo ba itace ta mayu ce.)

Maigida ya miƙe da sandar awo, sai ga jan ɗigon a wuyansa, daidai maƙogwaro.

Ban yi shawara da kowa ba. Na dire kwano, na warware mayafi, na rufe abin ruf, na rungume shi ina Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ƙafar abin ɗaya ta zame, muka zube tare. Awon da injiniyan ginin ya wuni yana saitawa ya rushe.

Leburori suka riƙe ciki don dariya. Maigida ya ce a hankali, "Hajara, sake shi. Aikina ne kike shaƙewa."

Injiniyan, wani ɗan ƙabilar Ewe mai Hausar kasuwa, ya daɗe yana duba na'urar, mu kuma muna jiran kora. Da ya kunna ta kama, sai ya ce, "Madam, ni matata ko kare ya biyo ni, ita ke fara gudu. Mijinki zai zauna. Ke kuma iyakarki bakin ƙofa."

Har ya bar duniya, in ya ga fitilar mota sai ya ce, "Hajara, kawo mayafi."

Abin da na koya: kafin ki ceci miji, tambaye shi ko yana neman ceto. Wadda ta zo ta ɗauke shi da gaske ba ta kunna wuta ba, ina zaune kusa da shi ban gan ta ba.