Yadda Za Ka Tsallakar da Mai Mura Ƙofar Malam Sama'ilu

Idan an wayi gari ranar komawa makaranta, 'yar yayarka tana jan majina kamar injin ban-ruwa ya shaƙi laka, kai kuma ƙarfe takwas mai mota zai gwada ka a direba, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin yarinya za ta taka harabar makaranta. Shekara biyar na yi a firamare kafin na yi sallama da boko, kusan uku a ciki a bakin ƙofa na yi su a durƙushe saboda latti. Ba wanda ya fi ni sanin ƙofa.

1. San abin da ke kanka

Yayarka Sadiyya za ta ɗauki jaka ta nufi sakatariya, ta ce, "Ashiru, idan suka dawo da Zubaida kai za ka zauna da ita, tunda kai ne mai hutun dindindin a gidan nan." Kada ka yi musu. Shi kuwa Alhaji Daudu mai motar haya ya riga ya faɗa maka: ka wuce takwas, makulli ya tafi hannun wani. Wato arzikinka gaba ɗaya yana cikin hancin yarinya 'yar shekara bakwai.

2. San dokar ƙofa

Zangon sanyi ne, an kafa doka: bokiti mai famfo, sabulu, hankici, rigar sanyi, kuma duk mai mura ya koma gida. An kawo na'urar auna zafin jiki, amma batirinta ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Don haka Malam Sama'ilu, wanda ya koyar da kai har ya gaji, da kunne yake gwaji. Kowane yaro sai ya rusuna ya gaishe shi. Mai lafiya zai ce, "Ina kwana, Malam." Wanda hancinsa ya toshe kuwa sai dai ya ce, "Ida kwada, Balab." Nan take a juya shi.

Masana sun daɗe da gano cewa mura ba ta cin kowa sai harafi biyu, mim da nun. Sauran haruffa lafiyarsu ƙalau.

3. Sauya wa yarinya Hausa

Zaunar da ita a tabarma, ka cire haruffan nan biyu daga rayuwarta. Ba "ina kwana", sai "barka da asuba". Ba "Malam", sai "Yallaɓai". Ba "na gode", sai "Allah Ya saka da alheri". Idan aka ce ya hutu, ta ce "hutu ya ƙare". Ka yi wa iyayenta addu'a da suka sa mata Zubaida Halliru. Wanda 'yarsa ke amsa Maimuna ya rufe takardar nan, ya nemi wata sana'a.

Za ta ce, "Kawu, to id ida jid fitsari fa?"

Ka ce ta ɗaga hannu kawai.

4. Gyara waje

Shafa mata man zafi a ƙirji, ɗura mata shayin citta, sa mata rigar sanyi biyu da hular da ta rufe har gira. A hanya ta fyace hanci sau uku, na ƙarshe daidai shagon mai faci, inda ƙarar injin iska za ta rufa muku asiri.

5. Tsaya daga gefe, ka sha kallo

Za ta wanke hannu, ta rusuna, ta ce, "Barka da asuba, Yallaɓai. Allah Ya ƙara lafiya."

Malam Sama'ilu zai sauke tabarau. Shekara talatin yana aiki, ko sufeto bai taɓa ce masa Yallaɓai ba.

"Ikon Allah! 'Yar waye wannan? Ajinki nawa?"

"Aji biyu."

"Wuce, 'yar albarka."

Ka ga ta taka harabar makaranta? Alƙawarina ya cika. Abin da ya biyo baya ba ya cikin yarjejeniya.

6. Kada ka ɗaga mata hannu

Ni na ɗaga. Yarinya ta ji daɗin nasara, ta juyo ta ƙwala murya yadda har masu sayar da awara sai da suka ji: "Kawu! Ka ga bad ce Balab ba!"

Malam zai dube ta, ya dube ka, ya gane ka.

"Ashiru. Har yanzu kana nan da halinka?"

"Allah Ya gafarta Malam, sanyi ne kawai."

"Sanyin ne ya koya mata Yallaɓai? Ɗauki 'yarka, sai ta warke."

7. Tafi da ita tasha

Saura minti goma, ba lokacin kunya. Goya ta a acaɓa, ka ce wa Alhaji Daudu fasinja ka zo da ita don gwajin ya yi kama da gaske. Sa ta a kujerar baya. Kana tuƙi, za ta leƙa taga don kanta tana kwaikwayon 'yan kamasho: "Babura! Gwiwa! Kazaure!" Duk ba mim ba nun, sai ka rantse garau take. Roni ce kaɗai za ta fito "Rodi". Alhaji zai yi dariya har hularsa ta karkace, ya juyo ya ce, "Sake faɗa, amaryata." A daidai nan za ta sakar masa atishawa a fuska.

Ka ci gaba da kallon titi. Zai goge fuska da hannun riga, ya miƙa maka makulli, don tuƙinka dai ba laifi.

8. Amsa waya da ladabi

Bayan kwana uku Alhaji zai kira ka daga cikin bargo. Matansa na tari, shagonsa a rufe, kuma ya zauna ya yi lissafin inda ya kwaso.

"Ashiru! Kawo bidi botata yadzu-yadzu!"

Kada ka firgita, kada ka yi wa babba fassarar abin da bai faɗa ba. Mutum ya ce bota. Shiga kanti ka sayi ƙaramin gwangwani, haɗa da burodi, kai masa har ɗaki, durƙusa ka ce Allah Ya ƙara sauƙi. Duk ihun da zai yi, "bota" zai riƙa fita. Ka ce gobe za ka kawo babban gwangwani. Kana da mako guda kafin hancinsa ya buɗe, sai ka yi lodi da himma.

Sanarwa

Marubucin nan ba likita ba ne, ba malami ba, kuma daga ranar Talata mai yiwuwa ba direba ba. Duk wanda ya bi matakan nan aka kore shi, ko yayarsa ta ji labari a bakin masu awara, ko rabin tasha ta kama tari, shi ya jiyo. Mai ƙorafi ya same ni a gida, ina kwance. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya zo da hankicinsa, kuma kada ya ce in gaishe shi.