Yadda Ake Ɓoye Tiya Uku ta Irin Gero a Ɗaki Ɗaya

'Yar'uwa, matso kusa. In dai ɗakinki ɗaya ne tak, a gidan da mutum talatin suke shan ruwan randa guda, kuma kina da abin da kike so ya kai damina ba a cinye shi ba, to kin zo wurin da ya dace. Ni Safara'u, shekarata goma sha huɗu a ɗakin da in na miƙe ƙafa sai ta bugi ƙyaure, a ƙauyenmu na bayan Bagwai, kuma ban taɓa rasa wurin ajiya ba. Ki bi matakan nan yadda na jera su. Na ba ki tabbaci, ko ɓera sai ya yi tambaya kafin ya gano kayanki.

Abin da za mu ajiye irin gero ne, tiya uku. Kin dai san shekarun nan. Bara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, bara waccan ma haka. An cinye na rumbu, an koma kan iri. Wanda kuwa ya cinye irinsa, ranar da ruwan shuka ya sauka sai dai ya tsaya a bakin gona yana kallon ƙasa. Tiya ukun nan su ne gonarmu gaba ɗaya.

Mataki na 1: Ki manta da rumbu

Rumbu ba wurin ajiya ba ne, wurin shela ne. A tsakar gida yake, kowa na kallonsa. In mai gidanki ya shiga har kansa ya ɓace, an san kun kai ƙasa, sai a yi ta yi muku sannu. In kuwa hannu kawai ya miƙa ya zaro dami, to kafin azahar kin yi baƙi, kowacce da ɗan kwano a ƙarƙashin mayafi.

Ki bar rumbun a buɗe, ki share cikinsa tas, har kaji su riƙa shiga suna fitowa da ɓacin rai.

Mataki na 2: Ki auna ɗakin da idon baƙuwa

Masu ilimi da igiya suke auna ɗaki. Ke ki zauna a bakin gado, inda baƙuwa take zama, ki kalli duk abin da ido zai iya kaiwa ba tare da an juya wuya ba. Duk inda kika gani, ya tashi daga wurin ajiya.

Ni ma'aunina Larai ce, matar wan mijina. In ta shigo, bakinta yana cewa "Ina kwana, an tashi lafiya?" idonta kuwa ya riga ya shiga ƙarƙashin gado ya fito. Ba na ganin laifinta, 'ya'yanta shida. Ni ma haka nake yi a nata ɗakin.

Mataki na 3: Ƙarƙashin gado na yaudara ne

Tunda nan kowa yake fara dubawa, ki ba su abin dubawa. Ki samu tsohon buhu, ki cika shi da ƙaiƙayi da tsummokara, ki tura shi ciki, ki bar kunnensa ɗaya ya leƙo kamar mantuwa kika yi.

Larai ta zauna, ta zura diddige ta taɓa shi, ta ji laushi lugub. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Allah sarki, Safara'u, ashe ke ma haka abin yake?" Na ce, "Sai dai haƙuri, Yaya." Kafin la'asar gida duka ya san ba ni da ko ƙwaya, har ta aiko min da kukar miya. Na karɓa, na yi godiya, kuma kunya ba ta kashe ni ba.

Mataki na 4: Komai na ɗakin ya yi aiki biyu, amma ki kiyayi kaza

A ƙaramin ɗaki ba a ciyar da malalacin kaya. Ƙwarya ta hau ragaya. Tabarma ta hau azara. Kwalla ta haɗiye samira, samira ta haɗiye langa, langa ta riƙe allura da zare. Tukunyar da ta tsage ki kife ta, ta zama kujera.

Sai dai kada ki saka iri a cikin jere. Ranar da aka yi haihuwa a gidan za a zo aron kwalla, kuma mai aro ba ta jiran ki juye.

Kada kuma ki saka shi a ƙarƙashin kifaffiyar tukunya. Na gwada. Wata jar kaza ta shigo ta tsaya a gindinta tana caccaka, na kore ta, ta dawo da 'yan'uwanta biyu. Mutum kina iya kawar masa da zance. Kaza ba ta jin zance, kuma duk gidan an yarda da shaidarta.

Mataki na 5: Matashi

Ga sirrin, ki riƙe shi da kyau. Ki jira ranar da aka tafi suna a maƙwabta, ki ce kanki ke ciwo. Ki farke matashin kai, ki zare audugar rimin, ki ɗura irin, ki shimfiɗa 'yar auduga a sama don kunya, ki ɗinke da farin zare ƙanana-ƙanana.

Kafin ki ɗura, ki cakuɗa irin da toka saboda ƙwari. Toka na ce. Akwai masu cewa barkono ya fi. Gaskiya ne ya fi, amma sai mai gidanki ya yi kwana uku yana atishawa, har a fara yi masa tofi.

Matashi yana bainar jama'a, shi ya sa ba a ganinsa. Kuma babu baƙuwar da za ta ɗaga matashin mijin wata, komai rashin kunyarta.

Mataki na 6: Ki ɓoye wa mai ɗakin

Nan ne mata da yawa suke faɗuwa. Mai gidana, sunansa ba zai fito daga bakina ba, amma 'yan gidansu Badaru suke ce masa, mutumin kirki ne. Kirkin ne ma matsalar. Hannunsa ba ya rufuwa. In aka ce masa "don Allah", ko rigar wuyansa ce sai dai ki gan ta a jikin wani.

Wata rana da hantsi ya shigo ya ce, "Safara'u, ina irin nan? Yaya Dabo ya ce ko rabin tiya ne, yaran ba su karya ba."

Na ce, "Malam, ga ɗakin nan. Abin da ka gani ka ɗauka."

Ki lura, ban yi ƙarya ba. Wannan shi ake kira ilimi.

Ya jawo buhun ƙaiƙayi, ya buɗe kwalla, ya leƙa azara, ya ɗaga tukunya. Da ya gaji sai ya kishingiɗa, ya ɗora kansa a kan abin da yake nema, ya ce, "Kai, wannan matashin ya tsufa, ya yi tauri." Na ce, "Shekaru ne, Malam."

Kada ki zaci daɗi na ji. Na raba ɗumamen rogon da zan ci na aika wa yaran Yaya Dabo, mijin Larai, na yini da yunwa, kuma zuciyata ta fi cikina ciwo. Amma rabin tiya kunun safe ɗaya ne a bakin yara shida. A gona kuwa, damma ne.

Mataki na 7: Abin yi in wurin ajiyar ya bar ɗakin da ƙafarsa

To, a nan zan faɗa miki abin da ba kowace malama za ta faɗa ba.

Inna, mahaifiyar mai gidana, ta kwanta ciwo. Tsohuwa ce da ake kai wa tuwo ta ce ta ƙoshi, ta tura wa jikoki. Ƙafa ta kumbura, wuya ya riƙe. Ina dawowa daga rijiya na tarar gado ba matashi.

"Malam, ina matashin nan?"

"Na kai wa Inna. Na ga ya fi kowanne tauri, zai tallafe mata wuya."

Wallahi tulun da ke kaina ne kawai ya hana ni faɗuwa. Ɗakin Inna kuwa kasuwa ne: jikoki, masu dubiya, Larai sau biyar a yini. Kuma a garinmu macen da za ta buɗe baki ta ce wa surukarta marar lafiya "ba ni matashina", gara ta haɗa kayanta tun kafin a haɗa mata.

Abin yi shi ne ki zama surukar da babu irinta. Gaisuwa sau uku. Shara sau biyu. Matsa ƙafa. Har aka fara misali da ni a unguwa, ni kuwa idona na kan abu ɗaya.

"Inna, kawo in shanya miki matashin a rana."

"Bar shi, 'yar nan, bai ce yana jin sanyi ba."

"Inna, ga wani na ɗinka miki, mai laushi."

"Kai wa mijinki. Wannan ya karɓe ni."

Rana ta goma sha biyu ina gyara mata shimfiɗa sai na hango kusurwar matashin. Da farin zare na ɗinke. Yanzu baƙi ne.

Shi ke nan, na ce, an gama da ni. Duk jikan da ya fito daga ɗakin sai na kalli bakinsa. In na ji ƙanshin kunu daga can ɓangaren sai gabana ya faɗi. Ina matsa wa tsohuwa ƙafa, a zuciyata ina yi mata shari'a, ina yanke hukunci, ina ɗaukaka ƙara. Allah ya yafe mini. Haka na yi har aka cika kwana talatin da shida.

Mataki na 8: Ranar buɗewa

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba bayan azahar, irin wanda ƙasa take sha har ta yi gyatsa. Da ya ɗauke, maza suka fito zaure kowa da sungumi a hannu. Mai gidana ya jingina nasa da bango ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Sai aka ce Inna na kira.

Ta ce, "Ke 'yar nan, zo ki ɗauke wannan dutsen naki, ya ishe ni."

Na rungumo shi na yi ɗaki, na tura ƙyaure, na farke baƙin zaren da haƙori, na ɗauko kwano. Ɗaya. Biyu. Uku, har da tozo. Ko tafin hannu bai ragu ba. A can ƙasa kuma ga wani ƙulli a tsohon ƙyalle wanda ba ni na saka ba. Na kwance. Irin wake ne, fari, kamar cikin gwangwani biyu.

Na koma ɗakin Inna na durƙusa.

Ta ce, "Ya cika?"

Na ce, "Ya cika, Inna."

"Shekara hamsin ina surfe, a ce kunnena bai san gero ba? Ina ɗora kai na gane. Waken nawa ne. Na rasa inda jikokin nan ba sa kaiwa. Kaina ne kaɗai ba a ɗagawa a gidan nan."

Na dubi wuyan hannunta, ya koma kamar sillen kara. Kwana talatin da shida tana shan ruwan dusa, da tiya uku a ƙarƙashin kunnenta. Kuka ya ƙwace mini, na gaske, ba irin na mataki na uku ba.

Ta ce, "Kukan me? Tashi. Tiya ɗaya ki kai wa Dabo ya shuka, ladan gadina ke nan. Kuma wani karon ki ƙara auduga, kin kusa karya ni."

Na kai. Da hannuna na auna masa, har da tozon. Kafin magariba an shuka gona biyu, kuma mai gidana har yau bai tambaye ni daga ina ba. Matashi dai yake ɗagawa ya jinjina kafin ya kwanta.

Saboda haka ki gyara abin da na koya miki a baya: a ƙaramin ɗaki, wurin ajiyar da ya fi kowanne ba a cikin ɗakin yake ba.

Sanarwa

Duk wadda ta bi matakan nan, ita ta ga dama. Ba ruwan Safara'u in ƙwari sun cinye, ko wuyan mai gidanki ya karkace, ko kazar gidanku ta fi tamu naci. Musamman ba ruwana in kin kai matashi ɗakin surukarki aka wayi gari ana dama fura. Ban ce duk tsofaffi ɗaya ba ne, tawa na ba ki labari.

Kuma kada ki zo aron tawa. Ta warke, tana nan da ranta, amma wuri ya cika. Larai ta kai matashi biyu, matan ƙannen mai gidana kowacce ta kai ɗaya, duk da sunan ladabi. Bana baiwar Allah a zaune take barci.