Shaidar da Nomau Ya Kai Intabiyu

A ƙauyen Rafin Gawo akwai wani gida na mutum uku. Akwai Malam Ɗan'azumi, tsohon magini, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun bara waccan. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Akwai ƙanwarsa Gwaggo Tabawa, mai girki da faɗa. Sai ɗansa tilo Shu'aibu, wanda aka fi sani da Nomau, da uwarsa ta rasu tun yana goye.

Nomau ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai kansa bai san kwana ba. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari sun sha mamakin yadda ya gama kwalejin koyon aikin lafiya, alhali babu abin mamaki a ciki. A can dalla-dalla ake faɗa wa mutum abin da zai yi, shi kuwa nan ya fi auki. Tun da ciwo ya kwantar da mahaifinsa, shi ke juya shi, shi ke yi masa wanka, shi ke miƙe masa gaɓoɓi safe da yamma, daidai yadda aka koya masa. Masu yi masa dariya a bakin kasuwa ba su taɓa leƙa ɗakin nan ba.

Wata rana Baffa Lawwali, ƙanin Malam, mai fataucin albasa a Kurmi, ya zo gida. Shi ke ciyar da gidan, kuma ya ce ya gaji da ciyar da ƙato. Ya ji asibitin sha-ka-tafi na Tudun Maje, garin da ke ƙetaren rafi, zai ɗauki ma'aikaci ɗaya. In Nomau ya samu, to madalla, ya riƙa zuwa yana kwana a gida. In bai samu ba, sai ya bi shi Kurmi dakon buhuna. Gwaggo ta san ko da wasa ba za ta iya ɗaga yayanta ba. Nomau ma ya gane wannan, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Da Baffa zai fita ya miƙa masa farar shadda aro, ya ce, "Ka rataye ta inda hannun kowa ba zai kai ba, sai ranar intabiyu."

Nomau ya duba ɗaki, ya ga Gwaggo na iya kaiwa ƙusa. Ya duba soro, ya ga baƙo na iya kaiwa. Sai ya hau kukar bayan gida har can ƙololuwa, ya rataye rigar a reshen da belbelu suke kwana. Hannun kowa bai kai ba, gaskiya ne. Da aka sauko da ita bayan an kwana biyu, kashin tsuntsaye ya yi mata ado, sai ka rantse atamfa ce. Gwaggo ta wanke har hannunta ya saɓule, tabon ya ƙi fita. Daga ƙarshe ta buɗe adaka ta fiddo rigar sallar Malam, wadda rabonta da jiki tun yana tafiya da ƙafarsa, ta ajiye wa Nomau ba tare da ta dube shi ba.

Wata rana aka tura shi wurin Malam Isiyaku, tsohon hedimasta, ya koya masa yadda ake zama gaban masu ɗaukar aiki. Malam Isiyaku ya ce masa mutum yakan zauna ne ya natsu, ban da motsi, ban da magana sai an tambaye shi, ya je gida ya gwada. Nomau ya dawo ya sami turmi a tsakar gida ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Gwaggo ta shanya surfen gero a tabarma ta shiga madafa. Awakin maƙwabta suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suka dube shi, ya dube su, suka sa baki. Da Gwaggo ta fito, tabarma kawai ta tarar.

"Nomau, kana gani?"

"Ina gani, Gwaggo."

"Me ya hana ka magana?"

"Ba a tambaye ni ba."

Geron na kunun Malam ne, abin da kaɗai yake iya haɗiya ba wahala. Ranar bai sha kunun yamma ba. Faɗan Gwaggo bai dami Nomau ba, ya saba. Abin da ya ci masa rai shi ne yadda mahaifinsa ya riƙa bin ƙofa da ido yana jiran kofi. Ya zauna a bakin ɗakin yana share hawaye da bayan hannu, bai kuma san wanda zai ɗora wa laifi ba.

Wata rana Malam Isiyaku ya koya masa yadda zai gabatar da kansa, ya ce ya riƙa gwadawa da duk wanda ya gamu da shi. Nomau ya gwada da mai ƙosai, wadda ta san shi tun yana tsirara. Ya gwada da liman a ƙofar masallaci. Ya tare wani Bafillace da shanunsa a kan hanya, bai bar shi ya wuce ba sai da ya gama. Da ya shigo gida ya tuna saura mutum ɗaya. Ya tsaya gaban gadon mahaifinsa ya gyara murya, ya faɗi sunansa da sunan ubansa da makarantar da ya gama, ya ce yana neman a ba shi dama ya kula da marasa lafiya. Malam ya daɗe yana kallonsa. Leɓensa ya yi ta rawa, can da ƙyar ya ce, "An… ɗauke ka."

Nomau ya fita da gudu ya shaida wa gari ya sami aiki. Har an fara shigowa barka kafin Gwaggo ta gane bakin zaren, ta sallami mutane da kunya. Ta zaunar da shi, wannan karon ba faɗa, ta ce masa maganar Baba addu'a ce kawai, sai mutanen ofis sun faɗa take zama aiki. Ya ce to, amma bai ga yadda maganar baƙi za ta fi ta Baba ba.

Wata rana, ana gobe intabiyu, ya je sallama da Malam Isiyaku. Tsohon ya yi masa addu'a, ya ce, "Duk abin da zai nuna musu ka iya aikin nan, kada ka baro shi a gida." Takardun makaranta yake nufi, kowa ya sani. Nomau ya dawo yana tunani. Takarda dai ba ta nuna komai sai sunansa da hatimi. Da gari ya waye Gwaggo ta tafi ɗebo ruwa, sai ya aro amalanken maƙwabci ya shimfiɗa katifa a ciki, ya yi wa mahaifinsa wanka, ya sa masa hula, ya ɗauko shi cak. Shi kuma ya zura rigar sallar nan. Takardun suna nan ƙarƙashin matashi inda ya bar su.

A farfajiyar asibitin masu neman aiki sun yi layi, kowa da jakarsa a hamata. Da suka ga amalanke suka fara ƙus-ƙus, wani ya nuna masa ƙofar marasa lafiya. Ya ce shi intabiyu ya zo. Da aka kira sunansa ya rungumo tsohon ya shiga, ya kwantar da shi a kan bencin ofis, ya tokare masa kafaɗa da matashi, sannan ya gaishe su. Shugaban masu tambayar ya ɓata rai, ya ce ina takardunsa, wannan kuma wane ne.

"Ranka ya daɗe, an ce in zo da abin da zai nuna na iya aikin. Ga shi."

Shugaban ya buɗe baki zai kore su, sai Hajiya Saude, babbar ma'aikaciyar jinya, ta ɗaga masa hannu. Ta taso ta gaida Malam, ta nemi izininsa, ta ce Nomau ya juya shi. Ya juya shi a hankali, hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, yana gaya masa abin da zai yi kafin ya yi. Ta duba baya, ta duba ƙugu, ta duba dunduniya, duk wuraren da gyambon kwanciya yake fara cin majinyaci. Fata sumul. Ta lanƙwasa mataccen hannun, ya lanƙwasu bai sandare ba. Ta tambayi tun yaushe yake kwance, Nomau ya ce tun bara waccan. Ta tambayi wa ke taya shi, ya ce babu, Gwaggo ba ta da ƙarfi. Ta tambayi wa ya ce ya riƙa yin haka kullum.

"A makaranta aka ce a riƙa yi. Ba a ce a daina ba."

Masu tambayar suka haɗa kai suka yi magana ƙasa-ƙasa, Nomau na zaune ya natsu, ba motsi. Daga nan Hajiya Saude ta ce gobe ya kawo takardun, takardun kawai, tsoho ya huta a gida. Ta dubi Nomau ta ce, "An ɗauke ka."

Nomau bai yi tsalle ba, bai ma tuna da godiya ba. Ya durƙusa kusa da bencin, ya sa bakin rigar sallar ya goge hawayen da ke gangarowa kunnen mahaifinsa.

"Baba," in ji shi, "maganarka suka maimaita. Mu je gida, lokacin kununka ya yi."