Ranar da Aka Dawo da Uwar Daji

Shekara uku kyarketan ƙetare suka yi suna mulkin Dajin Tsamiya Bakwai. Da suka fita sun bar yunwa da kufai, amma abin da ya fi ci wa tsohuwar kunkuru Tabawa rai shi ne ɗakin kayan tarihi. Ita ke riƙe da mabuɗinsa tun ƙuruciyarta. A gaban idonta suka kwashe garkuwoyi da ganguna da ƙoren zane, har da Uwar Daji, giwar da kakanni suka sassaƙa da icen maɗaci. Wani hafsansu ma ya tsaya ya yi mata bayani cikin ladabi, wai adana kayan za su yi don kada yaƙi ya lalata su, sai ka ce ba su suka kawo yaƙin ba.

Sarki Zaki ya dawo daga gudun hijira har da sabon tumbi, majalisa ta zauna. Kura, ministan al'adu, ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wannan gwamnati ba za ta runtsa ba sai Uwar Daji ta dawo gida. Mun kafa kwamiti, kuma ina farin cikin sanar da kai cewa kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti."

Tabawa ta roƙi a tafi da ita ƙetare, tunda babu wanda ya san kayan kamarta. Kura ya ce babu wuri, ga shi kuma ba ta da sauri. Tawaga ta tashi da kuraye arba'in da surukansu da mai riƙe wa minista maficinsa.

Bayan wata biyu aka yi shela cewa an yi nasara. Kyarketai sun saki Uwar Daji, da sharaɗin Sarki ya sa hannu a takarda cewa an rufe maganar kaya har abada. Amma bisa al'ada, ba a shigar da Uwa ɗaki sai mai mabuɗi ta shafa mata man kaɗe ta shaida ita ce.

Da hantsi fili ya cika da jakuna, waɗanda a bayansu aka kwashe kayan tun farko. Aka yaye ƙyalle, giwa ta fito tana sheƙi. Allah ya sani Tabawa tana so ya zama ita ce. Ta lakato mai ta shafa a goshin, nan take ice ya shanye. Ta ƙara, ya shanye. Ta ƙara na uku.

Uwar Daji ta shekara ɗari biyu tana shan mai, ta ƙoshi, ko ɗigo aka sa mata kwanciya yake yi a sama. Wannan kuwa ba sai an yi wa jakuna bayani ba, duk wanda ya taɓa shafa wa sabon akushi mai ya gane.

"Ƙishirwar baƙunta ce, Iya," in ji Kura, yana yaƙe. "Ƙasarsu akwai sanyi."

Zaki ya sunkuyo. "Iya Tabawa, ita ce?"

"Ranka ya daɗe, bara war haka icen nan yana tsaye da ganyensa. Kada ka sa hannu."

Zaki ya dubi Kura, Kura ya dubi sama. Daga baya Kura ya matso, ya yi ƙasa da murya, amma fili ya yi tsit har na ƙarshe ya ji. Ashe tun a can, wajen liyafar ban kwana, ya sa hannu a madadin Sarki. Na yau don jama'a su gani ne kawai. Zaki ya yi hamma, ya ce to a ci gaba da biki.

Tabawa ta rufe tukunyar man. Ta juya wa karaga baya, ta kama hanya ta tsakiyar fili. Jakuna suka dare mata. Kura ya yi wa makaɗa alama, ya sake yi, babu wanda ya ɗaga gula. Tafiya ce ta kunkuru, sai da aka yi azahar kafin ta kai bakin fili, kuma duk tsawon lokacin Sarki da ministocinsa suna zaune a rana, jakuna na kallonsu.