Rasuwar Kambas Ɗina na Hagu a Garin Surukai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafa mai cike da bororo, ni Zaharadeen na Kazaure nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kambas ɗina na ƙafar hagu. Ya cika ranar Asabar da ta gabata bayan la'asar, a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, ana tsakiyar gasar gudun dogon zango a kan duwatsun yankinmu.

Marigayin ɗan gwanjo ne. Ba mu san asalinsa ba, ba mu san ƙafar da ya fara yi wa hidima ba, amma tun da na ɗauko shi a kasuwar Kazaure bai taɓa nuna mini baƙunta ba. Mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Ya taka ƙaya bai kai ƙara ba, ya taka kashin shanu bai ɓata rai ba. Maganarsa ɗaya ce, ƙyas-ƙyas a kan tsakuwa in muna atisaye. Wari kam yana da shi, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Maiɗakina Lubna shaida ce, ita ta hana shi kwanan ɗaki.

Ga yadda ajali ya zo. Masu shirya gasar mutanen birni ne. Suka ja hanya a taswira, ta hau dutse ta gangara kwari, tafiyar da ko mai babur sai ya ƙara mai, suka ce duk wanda bai ƙarasa kafin magariba ba an soke sunansa. Abin da taswira ba ta gaya musu ba shi ne hanyar ta ratsa tsakiyar garin surukaina. Surukan nan nawa kuwa, musamman Baba Hamma mahaifin Lubna, sun daɗe suna cewa magidancin da yake gudu ba abin da ya biyo shi, a binciki kansa. Na ci alwashin sai na kai ƙarshe, ko don a daina yi wa 'yarsu jaje.

Sauran 'yan gudu baƙi ne, hannu kawai suke ɗagawa su wuce. Ni fa? Wane ni in gifta majalisar dattawan garin matata da gajeren wando, ga takalmi a ƙafa! A gindin kuka na tuɓe na durƙusa. A bakin rijiya na tuɓe. A ƙofar mai unguwa na tuɓe, aka tambaye ni gida da gajiya da damina, ina amsa lafiya lau, ƙirjina kamar zugazugin maƙeri. Da na ga kwance igiya da ɗaure igiya na cin lokaci, sai na fara take wa marigayin dunduniya kamar silifas. Daga nan ciwo ya kama shi. Ƙasansa ya rabu da samansa, ya buɗe baki, muryarsa ta koma faf-faf.

A ƙofar Baba Hamma rai ya yi halinsa. Na ajiye takalman can nesa, kamar yadda ladabi ya tanada, na durƙusa, gwiwa ta ƙi tashi. Baba ya tambayi mutanen gida, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya aika a damo fura. Ko da na waiwaya, bunsurun gidan ya cinye harshen marigayin, yana zuƙar igiyar kamar taliya. Wayyo ni! Wallahi hawaye na yi, a gaban suruki, ko kunya ban ji ba.

Baba ya dubi rana, ya dubi ƙafata, ya zare takalminsa na roba na kiwo ya turo mini da sanda. Da shi na ƙarasa. Ni ne na ƙarshe, ana naɗe tuta, ladan yana gyaran murya, amma an rubuta sunana.

Marigayin ya bar ɗan'uwansa na dama, wanda yanzu ba shi da amfanin kowa, da safa biyu masu huji, da farcen babban yatsana, wanda likita ya ce shi ma yana hanya. Liman ya hana ni roƙa masa gafara, ya ce takalmi ba shi da hisabi, bunsurun ma haka.

Za a binne shi ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a gindin dutsen da ke bayan garin. Ana roƙon masu ta'aziyya su ɗaure dabbobinsu kafin su fito. Baba Hamma ya aiko cewa shi da kansa zai haƙa ramin, kuma a taho masa da takalminsa, shanu na jira. Ya ƙara da cewa baɗi, ranar gasa, duk dattijon garin zai shige gida ya rufe ƙofa, har sai surukinsu ya wuce a guje.