Likkafanin 'Yan Tsanata

A shekarar da na gama jami'a na dawo gidanmu a unguwar Ruwais da ke bakin teku, ina da 'yan tsana bakwai na katako, tsohuwar sassaƙar ƙasar Sin, waɗanda na tara daga hannun ma'aikatan jiragen ruwa. Tsorona ɗaya, kada danshin teku ya ɓata musu fenti. Na yi dogon nazari, ko dai haka na zata, sannan na yayyanka tsohon haramin Baba, na naɗe kowacce daga kai har ƙafa, na ɗaure, na jera su a kan tabarma. Har yaba wa kaina na yi.

Goggo ta shigo kawo mini shayi, ta ga fararen ƙunshi a jere kamar gawarwaki. Ta saki faranti, ta rafka salati. Kafin in buɗe baki maƙwabta sun cika gidan.

Na kwance ɗaya, na nuna musu. Goggo ta dubi fuskar katakon tana murmushi, ta ce, "Ya waladi, ɗana, karatun ke nan? Yalla, maza shiga gaba ka sallace su!"

Ruwais ta canza, Goggo ta rasu, amma har yau tsofaffin unguwa in sun gan ni sai su ce, "Liman, ya haƙuri? Yaushe ne sadakar arba'in?"