Jana'izar Kawu Firmin

Wani ne a ƙauyenmu, nan gindin dutsen Tourmalet, Allah ya zuba masa son tseren keke ya hana shi ƙarfin taka keken. Tumbi a gaba kamar tulu, hawa benen gidansa ma sai ya huta sau biyu. Amma in ya zauna a mashaya ya fara koyar da yadda ake hawan dutse, sai ka rantse shi ya ƙera feda.

Bana aka ce babban tseren zai bi ta kan dutsenmu ranar Alhamis. Ranar kuwa ita matarsa Ginette ta tsayar don kwashe ciyawar shanu da aka yanka aka shanya, tunda an ce ruwa na tafe Juma'a. Ginette ba ta magana biyu. Bara da ya sulale kallo ya bar ta da manjagara, ta gaya masa in ya kuma, ya tattara tsummokaransa ya san inda dare ya yi masa. Gida da gona da shanun duk gādon ubanta ne, gogan ba shi da ko tsinke.

Ranar Laraba sai ga shi ya shigo yana jan hanci.

"Ginette, an yi mana rashi."

"Wa ya rasu?"

"Kawu Firmin na Tarbes. Gobe za a kai shi."

Ya zaɓi Kawu Firmin ne don tsohon ya shekara shida bai leƙo garin ba, ga shi kurma, waya sai ta gaji da kuka bai ɗauka ba. A ganinsa ya ɗaure ƙarya ta ko'ina.

"Allah sarki Kawu! To ai tare za mu."

"Ciyawar fa? Ke dai zauna. Ni zan wakilce mu, haka nan zan daure."

Da safe ta goge masa baƙar kwat ɗin da aka ɗaura musu aure da ita, ta ɗaure masa wuya tam, ta yanko furanni dami guda ta ce ya ɗora a kan akwatin gawa. Ya fita yana share ido, yana shan kwana ya saki dariya.

An rufe hanyar dutsen ga motoci tun jiya, dole ya hau a ƙasa. Kilomita goma sha biyu, cikin ranar Yuli, da takalmin biki mai cizon yatsa. Jama'a kowa da gajeren wando, wasu ma ba riga, shi kaɗai baƙi ƙirin yana rungume da furanni yana haki. Wani ɗan yankin Basque da ya sha ya yi tatul ya cire tasa hular don girmamawa.

"Yallaɓai, wa ya mutu?"

"Ina ruwanka?"

"A'a, na ga alamar kai ne, shi ya sa na ce in tambaya tun kana iya amsawa."

Da ƙyar ya kai ƙololuwa. Motocin talla suka zo suna watsa kyauta, mai makokin nan ya ture wata tsohuwa ya cafke hula mai ɗigo-ɗigon ja, ya kafa ta a ka. Ya zauna ya ciro burodi da cuku, duniya ta yi masa daɗi.

Sai ya ji rugugin jirgi mai saukar ungulu, mai ɗaukar hoton tseren.

Nan ya saki cukun. Shekara arba'in yana kallon tseren nan a talabijin, sai yanzu ya tuna cewa masu kallon ma ana nuna su. Ginette kuwa duk ranar tsere talabijin ɗin kicin ɗinta a kunne yake. Ya yi tsalle ya faɗa kwalbati. Jirgi ya wuce, ya fito. Jirgi ya dawo, ya rarrafa ƙarƙashin motar wasu baƙi, karensu ya kama shi a gindin wando. Ya fito da rabin aljihu.

"Kai, wahalar ta isa," in ji shi. "Mai hankali ba ya ɓuya a rami."

Ya ga wani dattijo ya ajiye jarida a kan kujerarsa, ya zare ta a hankali. Ya huda ramuka biyu da yatsa, daidai idanu. Ya kutsa har sahun gaba, dab da layin ƙololuwa, ya buɗe jarida ya rufe fuska, yana leƙe ta ramukan yana yaba wa kansa.

To, a ƙasar nan ko yaron goye ya san ba a ɗaga jarida a kan dutse sai in kyauta za a yi da ita. Mai tsere ya hau ya jiƙe sharkaf da gumi, gabansa gangara ce mai iskar ƙanƙara, jaridar da ya tusa a ƙirji ita ke tare masa sanyi. Malamin koyar da hawan dutse shi kaɗai ya manta.

Ihu ya taso daga ƙasa. Ga wani siririn ɗan Sifen ya baro kowa, yana tangaɗi a kan keke, harshe a waje, babur mai kyamara na manne da shi. Yana isowa ya miƙa hannu, fyaut! Ya fizge jaridar, ya cusa a riga, ya gangara abinsa.

Kyamara kuwa ta tsaya cak a kan abin da ya rage: baƙar kwat, hula mai ɗigo-ɗigo, damin furanni, baki buɗe da ɓarɓashin cuku, hannu biyu a sama suna riƙe da iska. Ya waiga ya ga fuskarsa ta cika ƙaton allon da aka kafa a wurin. Rediyon na kusa da shi na cewa, "Jama'a ku dubi dattako! Mutum ya ci ado, ya kawo jarida, har da furanni!"

Ya sauko kamar an zare masa laka. A ƙofar mashaya aka tarbe shi da tafi.

"Sau huɗu aka maimaita ka," in ji mai mashaya, "biyu a hankali."

"Ku rufa mini asiri. Ginette tana gona, ba ta gani ba."

Da wannan ya rarrashi kansa. Ya jefa hula da furanni a rafi, ya gyara fuskar makoki, ya isa gida da la'asar sakaliya. Ciyawa duk an kwashe. Ginette na zaune tana yankan albasa, talabijin a kashe. Ya yi ajiyar zuciya.

"Sannu da hanya. An kai shi lafiya?"

"Lafiya lau. Sai haƙuri."

"An yi jama'a?"

"Kaɗan. Kin san halin Kawu, bai tara mutane ba. Rowa ce ta kashe shi."

"Ka ga fuskarsa?"

"Na gani. Kamar yana barci. Ya ma fi kyau a mace."

"Ikon Allah. Ni kuwa da ka fita na buga waya in yi ta'aziyya, sai mamacin ya ɗauka. Ashe an sa masa abin ji a kunne. Jakarka tana bayan ƙofa."

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Kawu Firmin ya fito, manjagara a kafaɗa, ciyawa a gashin baki. Ya ƙare wa gogan kallo tun daga takalmi har yagaggen aljihu.

"Na gode, ɗana," in ji shi. "Na kalli jana'izata a talabijin, ba laifi, ta yi mutane, har da jirgin sama. Sai dai gaba ka gaya wa masu rakiyar, ba a gudu da gawa haka."